Darasi a Ƙarƙashin Tagar Malam

Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto mini cewa in nemi mai ruƙiyya, don ba mai hankalin da zai ajiye aikin gwamnati da hannunsa. Na gode 'yar'uwa, amma lafiyata ƙalau, har tuwo na ƙara jiya.

Waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Batul. Shekarata ashirin da takwas, a Ƙofar Kibo aka haife ni cikin birnin Zariya, kuma shekara shida na yi ina koyar da Larabci a wata sakandaren 'yan mata. Sati uku da suka wuce na kai takardar ajiye aiki. Shugabar makaranta ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta jefa takardar a durowa. Ta ce ba za ta tura ta gaba ba sai Litinin ɗin ƙarshen wata, ko Allah zai sa hankalina ya dawo gida.

Ga abin da ya fitar da ni daga aji. Ni ke tsaye gaban allo ina ta zuba, yara tamanin suna kwafa. Su ci jarrabawa da kyau, amma ka tare ɗaya a hanya ka tambaye ta sunan unguwarsu da Larabci, sai ta ja hijabi ta rufe fuska tana dariya. Shekara shida ina jin kaina kamar mai ɗura ruwa a randar da ba a taɓa sa moɗa a ciki ba. Yanzu da mutum ɗaya nake zama, babba, wanda ya san abin da ya kawo shi: nas da za ta tafi aiki Saudiyya, ɗan kasuwa mai saro kaya a Alƙahira, ɗalibin da jami'a za ta yi wa tambayoyi ta waya. Mata su zo gida, maza ta waya kawai. Mutum shi zai faɗi inda yake son kaiwa, shi zai yi maganar, ni in saurara. Ba jan biro, kuma ba na gyara wa kowa sai ya kai aya. Koci ake ce wa mai wannan aikin.

"Koci?" in ji Gwaggo Delu ranar da na faɗa mata, tana tsinkar zogale. "Wato wando za ki sa ki riƙa busa usur a fili?"

Gwaggo Delu yayar mahaifina ce, ita ta goye ni. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma kun san yadda abin yake a gidajen cikin birni irin namu. Mahaifina, Malam Jibril, shekara arba'in yana ba da karatu a zaure, manya masu furfura suna durƙusa masa, amma ni ba ya yi mini magana kai tsaye. In na gaishe shi, bango yake amsa wa. In yana da saƙo, Gwaggo ce gidan waya. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita na tashi har ban san tana da nauyi ba.

Saƙon wannan karon gajere ne. Gwaggo ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado.

"Ya ce a faɗa wa yarinyar nan, malamin da zai ji kuskure ya yi shiru ba malami ba ne, ɗan kallo ne. Litinin ki je ki karɓo takardarki ki koma aji."

"Gwaggo, kin dai yi masa bayani?"

"Ni da ban gane ba, me zan bayyana?"

Zan iya yi wa duniya gardama, amma ba zan iya tsallake maganar Malam ba. In bai janye ba kafin Litinin, aji zan koma, ko da kuka. Wannan na sani, shi ma ya sani.

Sai kuma Muntasir. Tsohon ɗalibin Malam ne, ya yi shekara uku yana karatu a Sudan, yanzu yana koyarwa a wata kwaleji. Shekara guda ke nan yana nemana, kuma an tsayar cewa manyansa za su zo wata mai kamawa. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Dogo ne, yana da wushirya, kuma in ya yi dariya har kafaɗunsa rawa suke. Na ɗauka shi ne zai fara tsaya mini. Ga abin da ya turo:

"Gimbiya, Hajiya ta ji labari a gidan suna. Ta ce ita malamar makaranta ta faɗa wa dangi."

"To ka ce mata har yanzu malamar ce, ajin ne ya koma mutum ɗaya."

"Ki koma kawai a ɗaura aure tukuna. Bayan nan sai mu duba."

Wannan "sai mu duba" ɗin na san shi, na ji shi a bakin mazan ƙawayena uku. Na ajiye wayar.

Ranar Laraba aka yi baƙo. Wani Dakta ne daga Maroko, mai binciken tsofaffin rubuce-rubucen hannu, an kwatanta masa gidanmu saboda littattafan kakana da ke cikin adaka biyu a ɗakin Malam. Tun safe muke kan murhu. Tuwon shinkafa da miyar taushe, farfesun kan rago, ga fura da Gwaggo ta dama da kanta ta ce kada wanda ya sa mata hannu. Na jera a babban faranti na kai soron ciki, inda ƙafar mata take tsayawa. Muntasir ne ya leƙo ya karɓa, cikin shadda ruwan toka da hula ƙube, turarensa ya riga shi isowa. Ya ɗaga mini gira ya koma.

Da ina da kirki da na juya. Sai na tsaya jikin bango.

Baƙon ya yi godiya, ya yabi gidan, sannan ya jero tambaya da Larabci mai sauri, tsantsa irin na littafi. Yana so ya san yadda littattafan suka zo hannun Malam. Na yi murmushi ni kaɗai, na ce yau wannan bawan Allah zai ji Larabci. Malam fa littattafan nahawu a ka yake karantar da su, ɗalibi ya kauce da wasali ɗaya sai ya ji gyaran murya.



Na ji Malam ya fara, kalma uku, ya tsaya. Ya koma farko ya sake gina jimlar. Ya sake tsayawa. Zauren cike yake da ɗalibansa, har da limamai biyu, kuma ba ka jin komai sai ƙarar fanka. Nan take na gane ciwon, don kullum shi nake gani. Shekara arba'in yana karanta Larabci yana fassarawa da Hausa, bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. Kowace jimla sai ya auna ta a zuci ya tabbatar ba ta da aibi, kafin ya gama aunawa lokacin faɗarta ya wuce.

Sai muryar Muntasir ta shigo, garau, da karin Sudan ɗinsa. "Abin da Malam yake nufi shi ne..." Ya ƙarasa masa jimlar. Malam ya sake buɗe baki, Muntasir ya sake ƙarasawa. Kafin a sha fura, baƙon ya daina fuskantar Malam gaba ɗaya, da Muntasir yake hira, mai gidan yana zaune kan buzunsa kamar wanda ya zo rakiya.

Farantin ya dawo, kwanon Malam ko buɗe shi ba a yi ba. Bayan la'asar saƙon Muntasir ya shigo:

"Kin ji aikin mijinki yau? Na fitar da Malam kunya. Dakta zai dawo Lahadi da kyamara, wai Malam zai ba da tarihin da bakinsa. Kada ki damu, ina nan."

 Har ga Allah da zuciya ɗaya ya yi, shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi. Mutum ya tsaya a kan ƙafarka yana tambayarka ko ka ji daɗi.

Na san maganin ciwon Malam kamar yadda na san hanyar ɗakina. Amma ta ina? In aika Gwaggo ta ce masa 'yarka ta ce za ta koya maka magana? Da ranar sai na kwana a gidan maƙwabta. Na yi ta juya abin a raina ina wanke-wanke, har na tuna gobe Alhamis, ba karatu a zaure, Malam a ɗakinsa yake yini. Kuma ƙarfe goma ina da zama da Asabe.

Asabe nas ce daga Wusasa, 'yar coci ce mai fara'a, wata biyu ya rage mata ta tafi aiki wani asibiti a Saudiyya. Kullum a ɗakina muke zama. Ranar sai na ɗauko tabarma na shimfiɗa a gindin gwaiba, daidai ƙarƙashin tagar Malam.

"Yau kuma a waje?" in ji ta, tana cire takalmi.

"Ɗakin zafi."

Gwaggo ta dubi hadarin da ya haɗo, ta dube ni, ta ce, "Lallai kam, zafi," ta shige madafi.

Na ce wa Asabe ta ɗauka ni tsohuwa ce da aka kawo da ciwon ƙirji, ta tambaye ni abin da ke damuna. Ta fara, ta yi tuntuɓe, ta dafe baki.

"Malama, na ɓata ko?"

Na ɗaga murya fiye da yadda na saba. "Asabe, ba rashin sani ke damunki ba. Abin da ke cikin kanki ya ishe ki ki yi shekara kina magana. Matsalarki kin ajiye alƙali a maƙogwaro, kowace kalma sai ya yi mata shari'a kafin ta fito. Ba shi hutu na minti goma. Tsohuwar nan ciwo take ji, ba maki za ta ba ki ba."

"To in na yi kuskure fa?"

"Ki taka shi ki wuce. In kin kai ƙarshe ma dawo mu share tare."

Ta yi dariya ta ci gaba. Minti goma sha biyu ta yi tana magana, da karyayyen da lafiyayyen, har ta kwantar da ni ta sa mini ƙarin ruwa. Ban ɗaga kai na dubi tagar ba ko sau ɗaya, amma na lura tun da muka fara ba a juya shafi a ciki ba. Ranar Juma'a da safe na maimaita da Alhajin nan mai saro kaya a Alƙahira, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji yana cinikin atamfa da Larabcinsa mai ɗingishi. Wannan karon tagar a buɗe take da faɗin tafin hannu.

Asabar da hantsi ina guga Gwaggo ta tsaya a kaina da tsintsiya.

"Ya ce a share ƙofar ɗakinsa."

"Ai na share tun da safe."

"Ni dai na isar."

 Na gyara ɗankwali, na zura hijabi, na je na durƙusa ina sharar ƙasar da ba ko tsinke a kanta. Labulen a sake yake. Na yi ta shara har na fara tunanin ko da gaske sharar ake so. Sai na ji gyaran murya, sannan magana a hankali, da Larabci, kamar mai tambayar iska:

"Idan baƙo ya tambayi mutum labarin littattafan mahaifinsa, ta ina zai fara?"

 Jama'a, wannan aikina ne, kuma a aikina ba na rawar murya. Na amsa da Larabci, idona a kan tsintsiya.

"Ta wanda ya fi so a cikinsu. Wanne ne?"

Ya fara. Ya tsaya. Ya koma farko, kamar ranar Laraba.

"Allah ya gafarta Malam, ba a komawa baya. A ci gaba daga inda aka tsaya."

Ni ce na faɗa wa mahaifina haka. Na jira rufin gidan ya faɗo mini, bai faɗo ba. Ya ci gaba, ya yi jimla biyu, a ta uku harshensa ya zame, kuskuren da shi da kansa ba zai yafe wa ɗalibi ba. Ya yi tsit. Na san jira yake in gyara, ko ya ji alamar na lura. Duk shekaruna shida na aji suka taso mini a baki. Na danne su, na ci gaba da shara, shar, shar, kamar ban ji komai ba. Da shirun ya yi tsawo sai na ce, "Sai me ya faru?"

Daga nan bakin ya buɗe. Ya ba ni labarin wani littafi da kakana ya kwafa da hannunsa wata bakwai. A daminar da ya gama, soron ya fara yoyo, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kakana ya tuɓe rigarsa ya naɗe takardun, ya ɗora wa Malam a ka, yana ɗan shekara tara, ya ce ya ruga masallaci kada ya waiwayo. Yana isa ya ji rugugin faɗuwar soron. Ya tsaya a ƙofar masallaci da littafi a ka, bai san ko yana da uba ba, har ya hango shi tafe ba riga, jina-jina, yana tambaya ko takardun sun jiƙe.

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ban taɓa jin Malam ya yi mini magana mai tsawon haka ba a rayuwata. Hawaye na ɗiga a kan ƙasar da nake sharewa, na ji tausayinsa, na ji son sa, na kuma ji haushin shekarun da muka yi a gida ɗaya ban san shi ba. Minti ashirin ya yi. Da ya kai aya sai ya ce, har yanzu da Larabci, "Kurakuran nawa ne?"

"Shida. Biyu ne kawai za su dami mai sauraro."

"A faɗe su."

Na faɗa. Ya maimaita daidai, ya ce a dawo bayan la'asar, ƙofar tana tara ƙura.

Lahadi Muntasir ya iso da wuri, farar shadda wannan karon, har da ɗan littafin rubutu a hannu. Ina soron ciki a wurina na ranar Laraba. Baƙon ya kafa kyamara ya yi tambayar farko. Na ji Muntasir ya ja numfashi zai fara, sai Malam ya ce da Hausa, a natse, "Muntasir, yau kai ne mai zuba shayi."

Minti arba'in Malam ya yi yana magana. Ya yi tuntuɓe, na ƙirga tara, ya taka su ya wuce. Da ya zo wurin faɗuwar soro, baƙon ya ce a dakata, na ji yana fyace hanci. Limaman nan biyu sai kabbara suke. Ni kuwa na toshe baki da hijabi don kada a ji ni, na koma ciki na rungume Gwaggo har ta ce zan karya mata haƙarƙari.

Bayan la'asar ta shigo ɗakina da fuskar gidan waya.

"Saƙo uku ne, ki riƙe. Na ɗaya, takardar da ke durowa a bar ta ta wuce."

Na zame daga gado na yi sujada a kan leda.

"Tashi ban gama ba. Na biyu, ƙofarsa tana son shara kullum ƙarfe takwas. Na uku, abin da tsintsiya ta ji, tsintsiya kaɗai ta ji. Ko wanda zai aure ki bai ji ba."

Shi ya sa duk sunayen da kuke karantawa a nan na aro ne, har unguwar ma na ɗan matsar da ita. Kada wani ya zo Ƙofar Kibo yana leƙen tagogin mutane.

Ban gama murna ba waya ta yi ƙara. Muntasir.

"A gaban mutane Malam ya mai da ni mai shayi. Me na yi masa?"

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. "Ka tambaye shi, malaminka ne."

"Wani ya zauna da shi tsakanin Laraba da yau. Wane ne?"

Amsar tana kan yatsana. Kalma ɗaya za ta sa ya gane aikin da yake ce mini in bari, ta kuma rufe bakin Hajiyarsa har abada. Na kalli ƙofar ɗakin Malam ta taga, labulen na motsi kaɗan. Na bar tambayar a wurin.

Bayan minti biyar wani saƙon ya shigo, dogo, ba Gimbiya a farkonsa.

"Batul, na gaji da ja-in-ja. Hajiya ta ce in gobe ba ki koma makaranta ba, ba za ta tura su Kawu ba. Ƙarfe bakwai da rabi zan zo in kai ki da kaina."

Na ji zafin abin har cikin ƙirjina, don ina son mutumin nan, kuma na san Hajiyarsa ba ta faɗa ta janye. Na share idona da bakin ɗankwali na rubuta:

"Kada ka wahalar da motarka. Gobe ƙarfe takwas ina da zama da wani."

"Wane ne shi?"

"Ba na faɗin sunan masu zuwa wurina."

Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na san wannan ciwon, kuma na san ba a ƙarasa wa mutum jimlarsa. Na kife wayar a kan gado na tafi ɗora tukunyar tuwo.